Tsaftar Asibiti a Tamale: Wurin da Hannu ke Sauka Shi Ne Abin Dubawa

A shekarar 2017 wasu masu bincike na Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wato UDS, ƙarƙashin jagorancin Courage Saba, suka wallafa sakamakon wani aiki da suka yi a asibitocin gwamnati uku na Tamale a ƙasar Ghana: Asibitin Koyarwa, da Tamale Central, da Tamale West. Ba jinin kowa suka ɗiba ba. Tsinke mai auduga a kai suka riƙa gogawa a mariƙan ƙofofi, da ƙarafan da ake dafawa wajen hawa bene, da sauran wuraren da hannu ke yawan sauka. Wuri 120 suka goga. Da aka kai ɗakin gwaji, 47 daga ciki suka tsirar da ƙwayar cutar da ake kira Staphylococcus aureus. Takwas daga cikin 47 ɗin suka nuna alamar nau'in nan mai taurin kai da likitoci ke kira MRSA, wanda magungunan da aka saba ba su cika kama shi ba. Ɗaya daga cikin takwas ɗin ma, duk magungunan da aka gwada a kansa babu wanda ya yi masa komai.

Ita wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a jikin ɗan Adam. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci ko a fata, yana harkokinsa lafiya lau, in ta tsananta ta fito masa da maruru ko ƙurji. Ɓarnarta tana farawa ne ranar da ta sami kafar shiga jiki: ɗinkin tiyata, ko allurar ƙarin ruwa, ko cibiyar jariri, ko ƙuna. Asibiti kuwa gida ne da aka tara masu irin waɗannan kafofi, gado kusa da gado.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe asibitocin Tamale sun fi na ko'ina ƙazanta. A goga irin wannan tsinke a Kano ko Kumasi ko Landan, za a sami abin da za a samu. Abin da ya sa na fara da wannan bincike shi ne wurin da ya duba. Bai dubi daɓe ba, bai dubi fentin bango ba. Ya dubi inda likita da nas da mai jinya da ɗan dubiya duk suke ɗora hannu, su wuce.

Asibitin Koyarwa na Tamale, da ke kan hanyar Salaga, an buɗe shi a 1974 zamanin mulkin Acheampong a matsayin asibitin yanki. Daga baya aka ɗaga darajarsa, ya zama asibitin koyarwa na uku a Ghana bayan Korle Bu na Akkara da Komfo Anokye na Kumasi, da gadaje wajen 800. Duk ciwon da ya gagara a Yendi, ko Salaga, ko Damongo, ko Walewale, ko Bolgatanga, ko Wa, nan ake turo shi, har ma daga tsallaken iyakar Togo da Burkina Faso. Wanda aka turo kuwa sau da yawa ya riga ya kwanta a wani asibitin, an ɗura masa antibayotik kala-kala, ƙwayoyin da suka rage a jikinsa su ne waɗanda suka sha magani suka tsira. Saboda haka babban asibiti shi ne mahaɗar ƙwayoyin cuta mafiya taurin kai na yanki baki ɗaya, ko da kuwa ma'aikatansa ba su yi sakaci ko ɗaya ba. Nauyin tsaftar da ke kansa ya fi na ƙaramin asibitin ƙauye nesa ba kusa ba.

A ƙarshen 2016 an shiga asibitoci goma a faɗin Ghana aka duba majinyata 2,107 da ke kwance. An tarar 172 daga cikinsu suna fama da wata cuta da a asibitin suka kwashe ta, ba da ita suka zo ba. Kashi 8.2 cikin ɗari ke nan, amma tsakanin asibiti da asibiti akwai tazara: wani 3.5, wani har 14.4. Kusan kashi ɗaya cikin uku na cututtukan a wurin ɗinkin tiyata suke, sai na jini, sai na mafitsara, sai na huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2022 ta ce cikin kowane majinyaci ɗari da aka kwantar, bakwai a ƙasashe masu arziki da goma sha biyar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna kamuwa da irin wannan cuta, kuma ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu ita ke zama ajalinsa.

A gida ba da alƙaluma ake sanin wannan ba. Mace ce aka yi wa tiyatar haihuwa, aka ce kwana huɗu za a sallame ta, sai ga shi ta shiga mako na uku, ɗinki yana ruwa, zazzaɓi ya ƙi sauka. An canza magani sau biyu, na ukun sai an saya daga aljihu. An sayar da buhun masara, an sayar da akuya. Dangi su ce jikinta ne ba ya son ɗinki, ko su ce sammu. Babu wanda zai tuna da katifar da aka kwantar da ita a kai, balle ya tambayi wanda ya sauka daga kanta.

Dalilin da ya sa katifa da ƙarfen gado suka shigo cikin maganar shi ne ƙwayoyin cuta ba sa mutuwa don sun bar jikin mutum. MRSA tana iya yin makonni, har watanni, a kan busasshen wuri. Haka Acinetobacter, wadda ta addabi ɗakunan kulawa ta musamman a duniya. Clostridioides difficile, mai kawo gudawa bayan an sha antibayotik da yawa, tana dunƙule kanta cikin wani ƙoƙo mai tauri ta yi wata biyar tana jira, kuma man goge hannu mai sifirit ba ya kashe ta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana yin mako guda a cikin busasshen ɗigon jini. Klebsiella da Pseudomonas su kuma danshi suke so: magudanar wurin wanke hannu, jiƙaƙƙen tsumma, ruwan da ya kwana a bokiti. A sashen jarirai na Korle Bu, tsakanin 2017 da 2019, an bi diddigin Klebsiella mai bijire wa magunguna mafiya ƙarfi, wadda aka samo daga jikin jarirai da jininsu da kayan ɗakin. Cikin samfuri 29 da aka tantance, 28 zuri'a ɗaya ne. Wato ba kowane jariri ne ya zo da tasa ba. Guda ɗaya ce take zagaya ɗakin.

To yaya ake sanin ɗaki ya tsabtatu? Hanyar da muka gada ita ce babba ya zaga da safe, ya dubi ƙasa, ya shaƙi iska. In tayil yana sheƙi, ƙanshin Dettol ko Parazone yana tashi, sai ya gyaɗa kai ya wuce. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan fage dai bai sani ba. A shekarar 2000 aka wallafa wani gwaji da aka yi a wani asibiti a Birtaniya: wuraren da aka duba bayan an gama goge-goge, kashi 82 cikin ɗari ido ya ce sun fita fes, amma da aka auna ƙwayoyin cutar da ke kansu, kashi 30 ne kawai suka ci jarrabawa. Hanci ma ya fi ido saurin ruɗuwa, domin ƙanshi yana nuna an zuba wani abu ne kurum, ba ya nuna an zuba shi daidai ko a inda ya kamata.

Daɓe shi ya fi cinye lokacin mai goge-goge, domin shi ake gani, a kansa ake yi masa faɗa. Amma majinyaci ba ya cin abinci a daɓe, nas ba ta dafa daɓe kafin ta taɓa ciwo. Hanyar cuta ta hannu ce: ƙarfen gefen gado, ƙaramar durowar da ke kusa da kai, sandar da ake rataye ledar ruwa, makunnin wuta, kan famfo, mariƙin ƙofar bayi, keken tura majinyaci, abin awon hawan jini da ake ɗaure wa wannan a kwance a ɗaura wa wancan. Asibitin da ya mai da hankali ga daɓe ya bar waɗannan, kamar uwargida ce da ta share tsakar gida tas, ta zuba wa baƙo tuwo a kwanon jiya.

Aikin kansa yana da ƙa'ida, kuma an rubuta ta musamman don wurare irin namu. A 2019 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka da ƙungiyar masu yaƙi da yaɗuwar cuta a asibitocin Afirka, ICAN, suka fitar da jagora kan tsaftace asibiti a inda kayan aiki suka yi ƙaranci. Ana farawa daga wuri mai tsabta a ƙare a mai datti, daga sama a gangaro ƙasa, a bi ɗaki ta gefe ɗaya har a zagayo don kada a tsallake wani abu. Bayi shi ne na ƙarshe, kuma tsummansa da bokitinsa daban, shi ya sa ake bambanta su da launi. Ana ninke tsumma a yi amfani da fuska ɗaya, a juya, in fuskokin sun ƙare a ɗauki wani. Ba a mayar da tsumman da aka goga cikin ruwa mai tsabta, domin daga nan bokitin ya zama abin rarraba cuta gado-gado. Mofa kuma in an gama a wanke ta a shanya ta bushe, ba a jingine ta a lungu cikin ruwan datti har gobe ba.

Sai maganar kulorin, wanda a Ghana kowa ke kira Parazone, a Najeriya kuma Hypo ko Jik. A nan kuskure ya fi yawa. Na farko, kulorin ba ya aiki a kan datti. Jini da majina da maiƙo suna cinye ƙarfinsa, don haka sai an wanke da sabulu tukuna. Na biyu, haɗin ba da ƙiyasi ake yin sa ba. Ga wuraren da ake taɓawa ana son ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari, ga jinin da ya zube kuma 0.5. In gorar da aka sayo mai kashi 5 ce, gwangwani ɗaya a cikin gwangwani 49 na ruwa shi ne na farko, ɗaya a cikin tara shi ne na biyu. In mai kashi 3.5 ce lissafin ya canza, ɗaya a cikin shida na ruwa ne zai ba da 0.5. Wanda ba a ba shi abin awo ba, ba a kuma manna masa hoton haɗin a bango ba, tuttulawa zai yi har sai ya ji wari. Ya yi yawa, ya ci ƙarfen gado, ya fasa ledar katifa, ya shaƙe mai asma. Ya yi kaɗan, wankan banza aka yi wa ƙwayoyin cutar. Na uku, haɗin ba ya kwana, rana da zafi suna kashe shi, zafin Tamale na watan Maris kuwa kowa ya san shi. Na huɗu, sai an bar wurin a jiƙe na ɗan lokaci; a kan jini akan jira kamar minti goma. Kuma ba a gauraya shi da wani maganin wanke bayi don wai ya ƙara ƙarfi. Iskar da ke tashi daga irin wannan haɗi guba ce.

Hunturu yana ƙara wa Tamale nasa nauyin. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura tana shigowa ta kowace taga, a goge da safe kafin azahar ta dawo. Hannu sai ya kai ga tsintsiya, alhali shara a bushe cikin ɗakin marasa lafiya tayar da ƙurar take yi ta sauka a kan ciwo da kayan aiki. Da danshi ake gogewa. Katifar da ledarta ta yage kuwa babu maganin da zai tsaftace ta, soson ciki ya riga ya sha abin da ya sha. Ko a sake mata riga ko a fitar da ita.

Hanyoyin aunawa huɗu ne ake da su ban da kallon ido, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai tsayawa a kalli mai aiki da takardar dubawa a hannu. Tana da amfani wajen koyarwa, sai dai kowa in ya san ana kallonsa gwani ne. Akwai na'urar ATP: a goga tsinke, a soka cikin wani ɗan akwati, cikin daƙiƙoƙi ya nuna lamba. Ragowar abu mai rai take aunawa, ko na abinci ko na jini ko na ƙwayar cuta, ba ta bambancewa, kuma kowane tsinke sau ɗaya ake amfani da shi, daga waje ake shigo da shi. Akwai shuka samfuri a ɗakin gwaji a jira kwana ɗaya ko biyu a ƙirga abin da ya tsiro. Ma'aunin da masana da yawa ke bi shi ne kada ya kai tsiro biyu da rabi a kowane murabba'in santimita. Wannan ita ce mai faɗin sunan ƙwayar da maganin da take ji, amma ɗakin gwajin da ke fama da jinin marasa lafiya ba zai iya ɗaukar ta kullum ba. Ranarta ita ce ranar da jarirai uku ko huɗu suka kamu da abu iri ɗaya a ɗaki ɗaya.

Ta huɗun ita ce nake ganin ta dace da mu. Wani ruwa ne mai kauri wanda ido ba ya gani in ya bushe, amma yana ƙyalli in an haska shi da wata 'yar tocila mai shuɗin haske. Mai dubawa zai ɗiga shi a asirce a wurare goma ko sha biyar a ɗaki: ƙarfen gado, kan famfo, makunnin wuta. Bayan an yi goge-goge ya dawo da tocilarsa. Inda tsumma ya bi da ƙarfi, ɗigon ya tafi. Inda aka tsallake, yana nan yana haske. Ba ta buƙatar ɗakin gwaji, ba ta buƙatar wutar lantarki, kuma wanda bai taɓa shiga aji ba zai fahimci sakamakonta nan take. Wani likita a Amurka, Philip Carling, ya gwada ta a asibitoci 36. Da farko kashi 48 cikin ɗari ne kawai na wuraren da aka yi wa alama ake gogewa, a ƙasar da ba ta rasa ruwa ko sabulu ba. Da aka riƙa nuna wa ma'aikata sakamakon ana koya musu, ya haura zuwa 77. A Ostireliya an yi babban gwaji a asibitoci 11, aka wallafa a 2019: aka haɗa horo, da gyaran salon aiki, da kayan da suka dace, da wannan awo, da sanar da sakamako. Gogewar wuraren taɓawa a ɗakunan kwana ta tashi daga kashi 64 zuwa 86, kamuwa da wata ƙwaya mai taurin kai da ake kira VRE ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Sauran cututtuka biyu da aka sa wa ido ba su nuna raguwa a fili ba, kuma ya kamata a faɗi wannan, domin goge-goge ba ya maye gurbin wanke hannu, ko dafa kayan tiyata, ko taka-tsantsan wajen rubuta antibayotik. Ita ma tocilar tana da iyakarta: tana shaida an goga, ba ta shaida haɗin maganin daidai ne.

A duka gwaje-gwajen nan biyu, abin da ya kawo canji shi ne mayar da sakamako ga mai aikin. Awon da aka rubuta aka kulle a durowar ofis bai tsare kowa daga cuta ba. Wanda kuma aka mayar da shi bulala, a yanke albashi ko a ci mutuncin mutum a gaban majinyata, abin da zai haifar shi ne ma'aikata su gano inda ake ɗiga alamar su riƙa goge nan kaɗai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A kira mutum gefe a ranar, a kashe fitila, a haska masa, a fara da inda ya yi daidai. Sakamakon wata-wata kuma a manna shi da sunan ɗaki, ba da sunan mutum ba.

Mai goge-goge shi ne ma'aikacin da ya fi kowa kusantar abin da ke fita daga jikin marar lafiya, shi ne kuma aka fi mantawa da shi ranar horo. Da yawa ranar da aka ɗauke su aiki aka miƙa musu bokiti, sauran su koya a wurin wanda suka tarar. Ba a kiransu taron ɗaki. Wasu ta hannun ɗan kwangila suke, albashi ya makara, safar hannu ɗaya a yi ta wankewa, allurar rigakafin ciwon hanta babu, alhali su ne ke ɗaga ledar sharar da wani ya jefa allura a ciki maimakon akwatinta. Wata ƙungiya mai suna Soapbox, tare da makarantar nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, ta tsara wani horo mai suna TEACH CLEAN don irin waɗannan ma'aikata, da hotuna da gwadawa a aikace maimakon lacca, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina nata a kansa. A Tamale irin wannan horo da Dagbanci da Hausa ya kamata a yi shi. Turancin takarda ba zai isar ba.

Akwai kuma wani giɓi da awo ke tonawa a kusan kowane asibiti: kayan da ba su da mai su. Kilina yana tsoron taɓa na'ura kada a ce ya lalata, nas tana ɗauka kilina ya goge. Sandar ƙarin ruwa, kwalbar jarirai, keken magani, abin awon zafi, sai su faɗa tsakani. Maganin wannan takarda ɗaya ce a bango mai nuna kowane abu, da wanda zai goge shi, da sau nawa: ɗakin kwanciya aƙalla sau ɗaya a yini, ɗakin kulawa ta musamman da bayin da ake tarayya sau biyu, ɗakin tiyata bayan kowane aiki, gado kuma gaba ɗayansa duk lokacin da aka sallami mai shi ko ya rasu, kafin a ɗora wani. Wannan na ƙarshen shi ne ake fara sadaukarwa ranar da mutane ke kwance a baranda suna jiran gado. Dare da ƙarshen mako ma a riƙa aunawa, domin awon safiyar Talata kaɗai yabon kai ne.

Duk wannan da ruwa ake yin sa, ruwa kuwa shi ne ciwon Tamale. Garin ya dogara da matatar Dalun, wadda ke jan ruwa daga kogin Farin Volta a Nawuni, kuma jama'a sun daɗe da fin ƙarfinta. Mutumin unguwar Lamashegu ko Kukuo ko Sabonjida ba sai an ba shi labarin rawayen jarkoki da motocin tanka ba. Asibiti ma a cikin garin yake. A watan Afrilun 2025, bayan rasuwar wani majinyaci da ziyarar Ministan Lafiya Kwabena Mintah Akandoh, aka sauke shugaban Asibitin Koyarwa, likitoci kuma suka dakatar da aiki a sashen gaggawa da na ganin marasa lafiya na waje, har sai da fadar Ya Na, babban sarkin yankin, ta sa baki. Hayaniyar siyasa ta rufe wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa: cikin buƙatun da likitocin suka jera akwai ruwa mai gudana ba yankewa, da wuta, da safar hannu, da auduga, da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ranar da likita ke roƙon waɗannan a rubuce, me ake tsammanin yana cikin bokitin mai goge-goge?

Shi ya sa awon da ya tsaya a kan ƙaramin ma'aikaci rabin awo ne, kuma rabin da ya fi sauƙi. Takardar da ke nuna wuraren da aka goge, a gefenta a rubuta kwana nawa famfon ɗakin ya yi a bushe cikin watan, kwana nawa sito ya ce babu sabulu ko kulorin, katifa nawa ce a yage, gado nawa ke kan mai goge-goge ɗaya da dare. Waɗannan lambobi na shugabanni ne, da hukumar gudanarwa, da hukumar inshorar lafiya wadda jinkirin biyanta kan bar asibitoci da bashi. Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Ma'aikatar Lafiya tana da kundin ƙa'idojin hana yaɗuwar cuta a asibiti na 2015, akwai HeFRA da dokar 2011 ta kafa don ba asibitoci lasisi da duba su, akwai kuma WASH FIT, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2017 don asibiti ya riƙa auna ruwansa da bayinsa da shararsa da kansa. Amma mai dubawa daga waje da aka san ranar zuwansa, fenti da ƙanshi zai tarar. Awon cikin gida na kowane mako ya fi shi gaskiya. Garin da ke da jami'a mai koyar da likitoci da kwalejin nas da ungozoma bai rasa hannun da zai riƙe tocila ba.

Ghana ma ta ba duniya dabara ɗaya a wannan fanni: bokitin Veronica, mai murfi da famfo a gindi da roba a ƙasa, wanda wata masaniyar kimiyya 'yar ƙasar, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro don ɗakunan gwajin da ba su da ruwan famfo. Zamanin korona ya cika ko'ina, yanzu da yawa sun koma lungu. A dawo da su bakin kowane ɗaki. Sai dai shi ma bokitin yana cikin abin da za a duba: in ba a wanke cikinsa, ba a goge kan famfonsa, ba a zubar da ruwan robar ƙasa, ya koma matattara.

Saura mu, masu jinya da 'yan dubiya. A asibitocinmu dangi ne ke yi wa majinyaci wanka, su ba shi abinci, su kai fo bayi, su wanke zanin gado. Rabin aikin jinya a hannunsu yake, amma da wuya a sami wanda ya zaunar da su minti biyar ranar kwanciya ya nuna musu yadda za su kare kansu da nasu. Dubiya kuwa zumunci ce kuma lada ce, ba mai cewa a daina. Amma mutum goma a kan gado ɗaya, wannan ya zauna a katifa, wancan ya dafa goshi, a miƙa jariri hannu-hannu, a tsallaka gadon maƙwabci a gaisa, duk da hannun da ya riƙe ƙarfen keken yalo-yalo da kuɗin mota, wannan yana rushe aikin da aka yi da safe. A shiga bibbiyu. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa marar lafiya da bayan an taɓa shi, da bayan an fito daga bayi; ruwan buta kaɗai ba ya wadatarwa. Kada a ɗaga bandeji don a ga yadda ɗinki yake, kada a taɓa wurin allurar ruwa. Mai mura ko gudawa ya yi gaisuwarsa ta waya. Kwanuka da ledoji da tabarmi da ake cusawa ƙarƙashin gado da kan durowa a rage su, domin abin da aka tula wa kaya ba ya goguwa. Mai jego da jariri sabon haihuwa da wanda aka yi wa tiyata su suka fi buƙatar wannan kiyayewa.

Mai jinya yana da damar tambaya, cikin ladabi, ko an goge katifa kafin a kwantar da nasa. In ya ga jini a ƙasa ko famfo ba sabulu, ya gaya wa nas mai kula da ɗakin maimakon ya yi wa mai shara tsawa. In ɗinki ya fara ja, ko kumburi, ko fitar da ruwa bayan an koma gida, a dawo asibitin da aka yi aikin a faɗa musu, kada a tsaya a kemis a sayi kafso. Da irin wannan dawowa ce asibiti ke gane cewa mata uku da aka yi wa tiyata a mako ɗaya sun kamu da abu ɗaya, har a koma a duba ɗakin da aka yi musu aikin da tukunyar dafa kayan.